Martani: Kafin Makarantun Miga Su Bar Maƙwabtansu, Me Za Su Je Su Sayar?

Malam, na karanta maƙalarka wadda ka yi kira ga makarantun Jigawa, daga jami'o'i har zuwa sakandare, da su daina ɓata ƙarfinsu a ƙananan gasannin gida, su nemi shiga manyan rukunoni inda kuɗi da suna suke. Ka kafa hujja da jami'o'in Amurka da suka fice daga tsofaffin rukunoninsu na wasanni suka koma inda ake biya da tsoka, ka ce haka mai neman ci gaba yake yi, wanda ya zauna kuwa tsoro ne da lalaci suka zaunar da shi. Har ka kawo misali da Miga, ka ce yaran can ba za su taɓa fitowa ba muddin Jahun da Kafin Hausa ne iyakar abokan karawarsu, gara su fuskanci Dutse da Kano da abin da ya wuce nan. Na yarda da kai cewa wasannin makarantunmu suna cikin halin da bai kamata a yi shiru a kai ba. Amma maganin da ka rubuta mana zai ƙara wa mara lafiyar ciwo ne, kuma labarin Amurka da ka ɗauko, rabinsa kawai ka ba mu.

Bari mu fara da can ɗin, tunda can ka jingina. A ƙarshen watan Yunin 2022 jami'o'in USC da UCLA, dukansu a birnin Los Angeles, suka sanar cewa za su bar rukunin Pac-12 su koma Big Ten. Shekara guda kafin nan, Texas da Oklahoma sun riga sun ɗaura aniyar barin Big 12 zuwa SEC. A watan Agustan 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniya da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC, ta sama da dala biliyan 7 a tsawon shekara 7. Wannan shi ne dalilin tafiyar, babu wani na biyu da ya kai shi. Gidajen talabijin ba jarumtar USC suka saya ba. Miliyoyin masu kallo na Los Angeles suka saya, birni na biyu mafi girma a ƙasar, domin su sayar wa kamfanoni lokacin talla. UCLA kuwa ta tafi ne da bashin sama da dala miliyan 100 a wuyan sashenta na wasanni. Mai bashi da ya ga inda zai samu biya ba a kiran tafiyarsa hangen nesa.

To, ga tambayar da maƙalarka ba ta yi ba: idan makarantar sakandare ta Miga, ko ma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ta tashi yau ta ce ta bar maƙwabtanta, wane ne zai biya ta kuɗin zuwa? Wane gidan talabijin ne ya ajiye kuɗi don ya nuna wasanta? Wanda zai bar kasuwar Gujungu ya nufi Dawanau, sai ya tabbata akwai buhuna a bayan motarsa, in ba haka ba kuɗin mota kawai zai kashe ya dawo. Jami'o'in da ka yaba wa suna da filayen da ke cin dubun-dubatar mutane, suna da tsofaffin ɗalibai masu zuba kuɗi, suna da masu kallo da aka tara cikin shekara ɗari. Wannan hajar suka ɗauka suka tafi da ita. Ba a rukunin da suka koma suka same ta ba, a gida suka tara ta, suna karawa da maƙwabtansu shekara bayan shekara.

Sannan ba ka faɗa wa masu karatu abin da ya biyo baya ba. Pac-12 rukuni ne da tushensa ya faro tun 1915. A watan Agustan 2023, cikin 'yan kwanaki, ya watse: Oregon da Washington suka bi sahu zuwa Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12, sannan a farkon Satumba Stanford da California suka koma ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atlantika ne, alhali su a gaɓar Pasifik suke. Jami'o'i biyu aka bari a tsaye, Oregon State da Washington State, har sai da suka je kotu kafin su riƙe abin da ya rage na rukunin. Waɗanda suka tafi ma ba duka suka samu abin da ka zata ba. Oregon da Washington sun shiga Big Ten a kan ƙasa da cikakken kaso. Stanford da California sun karɓi ɗan abin da bai kai rabi ba na shekarun farko. Jami'ar SMU kuwa ta amince ta shiga ACC ba tare da ta karɓi kasonta na kuɗin talabijin ba har tsawon shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta ne suka ce za su cike gurbin. Wace makaranta ce a Jigawa take da masu cike mata irin wannan gurbi?

Ka ce wanda ya zauna matsoraci ne. Tarihin can ɗin bai goyi bayanka ba. Colorado ta bar Big 12 a 2011, ta dawo cikinta a 2024. Jami'ar Idaho ta yi shekaru tana fafutuka a matakin sama, ta ga kuɗin tafiya da shan kaye sun yi mata yawa, a 2018 ta sauko da kanta ta koma rukunin Big Sky inda maƙwabtanta suke. Jami'ar Chicago, wadda tana cikin waɗanda suka kafa Big Ten, ta ajiye ƙwallon Amurka a 1939, ta fice daga rukunin a 1946, saboda shugabanta Robert Hutchins ya ga wasan yana neman shiga gaban karatu, kuma har yau tana cikin manyan jami'o'in duniya. Wasu kuma sun zauna ne don sun tarar da ƙofar a kulle: Florida State ta kai ACC ƙara a watan Disambar 2023, Clemson ta bi ta a 2024, saboda yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta ɗaure haƙƙin nuna wasanninsu har zuwa 2036. Ke nan zama da tafiya lissafi ne na kuɗi, da nisa, da alƙawari, da abin da makaranta ta ɗauki kanta. Wanda ya mayar da shi batun tsoro da jarumta ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

Akwai kuma wanda ba a shawarta ba a duk wannan ciniki, shi ne ɗalibi. Daga Los Angeles zuwa New Jersey, inda Jami'ar Rutgers ta rukunin Big Ten take, kusan kilomita 4,000 ne, da bambancin agogo na awa uku. 'Yan ƙwallon Amurka sau ɗaya suke wasa a mako, kuma jirgi na musamman ake ɗaukar musu. Amma 'yan ƙwallon raga da 'yan ƙwallon kwando da sauran ƙananan wasanni, waɗanda suke da lacca washegari, su ma dole su bi wannan hanyar. Wasan hamayya tsakanin Oklahoma da Oklahoma State, wanda aka fara tun 1904, ya tsaya bayan karawar 2023. Idan wannan ita ce wahalar masu tafiya a jirgin sama, Malam, ka tsaya ka yi tunanin ta masu tafiya a bas a kan hanyoyinmu.

Ba sai mun yi hasashe ba, mun gani. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, aka raunata 'yan wasa har da Gambo Muhammad. A watan Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta ƙone a Hawan Kibo, a cikin watan kuma aka tare ta Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore aka yi awon gaba da direbanta. Ranar 31 ga Mayun 2025 motar da ke ɗauke da tawagar Jihar Kano, wadda ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun, ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano, mutum sama da 20 suka rasu, ana saura kaɗan su iso gida. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri. Ban kawo wannan don in ce kada a ƙara tafiya gasa ba, ajali ba ya tambayar nisa. Na kawo shi ne don ka san cewa doguwar hanya a ƙasar nan farashi ce, kuma wanda zai ɗora ta a kan yaro ɗan shekara 15 kowane mako dole ya nuna mana abin da yaron zai samu. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin ɗaukar bas guda ya ninka ya sake ninkawa. Shugaban makarantar da ke neman kuɗin alli da gyaran rufin aji, a ina zai samo na zuwa Kano da dawowa sau goma a zango?

Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan ma, waɗanda gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu, sun san wannan lissafin. Shi ya sa gasar ƙasa mai daraja ta biyu take raba ƙungiyoyi gida biyu, na Arewa da na Kudu, sai a ƙarshe zakaru su haɗu. Shi ya sa ma a kakar 2023 gasar firimiya ta Nijeriya ta raba ƙungiyoyinta 20 zuwa rukuni biyu masu goma-goma. Misali mafi kusa da mu kuwa shi ne Jigawa Golden Stars. Ta hau matakin firimiya a kakar 2019/2020, abin da duk ɗan Jigawa ya yi murna da shi. Amma da yake babu filin da ya cika sharuɗɗa a jihar, wasanninta na gida sai a filin Sani Abacha na Kano ta buga su, kaka ta gaba kuma a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Ƙungiya ta shiga babban rukuni, irin wanda kake so, amma ɗan Haɗeja da ɗan Miga da ɗan Birnin Kudu ba su samu ganinta ba, kowane wasa ya zame mata na waje. A 2021 ta faɗo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Hujjarka ta biyu ita ce masu farautar 'yan wasa ba sa zuwa ƙauye, sai babban fage. Gaskiya ne ba sa yawan zuwa. Amma abin da suke nema a babban fagen shi ne yaron da ya riga ya iya, kuma ba a iyawa da wasa uku a shekara. Yaron da ya buga wasa 18 a kaka guda da makarantun kusa, ƙarƙashin malamin da ya san rauninsa, ya fi wanda aka kwasa sau ɗaya aka kai birni aka zura masa bakwai ya dawo da karyayyar zuciya. Ahmed Musa daga makarantar koyon ƙwallo a Jos ya taso, ya bi ta ƙungiyar JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, sannan Turai ta neme shi. Mataki-mataki ya hau. Kuma tsanin yana nan ga yaranmu: Kofin Ramat da ake bugawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, gasar matasa ta ƙasa, da tawagar jiha. Waɗannan ba sa buƙatar makaranta ta bar maƙwabtanta. Abin da suke buƙata shi ne a samu gasar gida mai rai wadda za a zaɓo gwanaye daga cikinta.

A matakin jami'a ma haka abin yake. Gasar jami'o'in Nijeriya ta NUGA ta faro a Ibadan a 1966. An yi ta a Makurdi a 2017, ba a sake yi ba sai a Legas a 2022. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya bayan ta Makurdi, yana iya kammala digirinsa na shekara huɗu bai taɓa ganinta ba. A 2022 ɗin ma yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL da aka fara a 2018 abu ne mai kyau, kuma Jami'ar Maiduguri ta ɗauki kofinta a 2021, abin alfahari ga Arewa. Ina goyon bayan Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido su shiga duk irin waɗannan. Sai dai gasar da ake yi jefi-jefi ba ta isa ta zama abincin yau da kullum ba. Matsalarmu ba ta ƙaramin rukuni ba ce. Matsalarmu ita ce wasan da ba ya zuwa a kan lokaci, mai jiran sai wani babba ya tuna, ko zaɓe ya matso a sa kofi a raba riguna.

Hujjarka ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Ka ce wasan maƙwabta rigima yake haifarwa. Yana haifarwa. Duk mai bin ƙwallo yana tuna abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2022, lokacin da aka farfasa motar Katsina United bayan wasanta da Pillars, aka zabtare wa Pillars maki, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyoyin biyu duka suka faɗo. Amma zafin da ke kawo faɗa shi ne dai yake cika fili da 'yan kallo. Mutumin Hantsu ko Sansani zai bar abin da yake yi ya tako da ƙafa ya ga makarantar garinsu ta kara da ta Jahun, domin ya san wanda zai tsokana ranar kasuwa. Ba zai damu da sakamakon wasa da wata makarantar da bai taɓa jin sunanta ba. Wannan hamayyar ita kaɗai ce jarin da muke da shi, ita ce kuma wata rana za ta sa ɗan kasuwa ya ga amfanin sa sunansa a jikin riga. Abin yi shi ne a yi mata linzami: alƙalin wasa daga wata ƙaramar hukuma, doka a rubuce kafin a fara, hukunci a kan makarantar da magoya bayanta suka yi jifa, da hakimi ko dagaci a zaune a bakin fili.

In kana neman misalin gasar da ta yi ƙarfi saboda mambobinta sun zauna, ba sai ka tsallaka teku ba, ka leƙa Nijar. Kokawar takobi ta ƙasa ta faro a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Yau jihohi 8 ne ke karawa, kowace da 'yan kokawa 10, ana zagayawa da masaukin baƙi daga jiha zuwa jiha. Babu jihar da ta ce ta fi ƙarfin sauran za ta nemi wani fage. Saboda wannan zaman ne gasar ta yi tarihi, ta samu masu ɗaukar nauyi, rediyo da talabijin suke bin ta, har Isaka Isaka na Doso ya zama sunan da yaran Kano da Katsina ma suka sani. Kuɗi ya zo ya tarar da gasar a inda take.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne, tsarin rukunoninmu yana buƙatar gyara. Amma a gyara shi da ma'aunin hanya da yanayi. Miga tana cikin Masarautar Dutse tare da Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Sai dai Gwaram tana can kudancin jihar a bakin iyakar Bauchi, alhali Kafin Hausa da Auyo da Kaugama na Masarautar Haɗeja, da Taura ta Masarautar Ringim, sun fi kusa da ɗan Miga nesa ba kusa ba. Rukunin wasa ba dole ne ya bi iyakar masarauta ko ta mazaɓar sanata ba. A haɗa makarantu takwas ko goma waɗanda za a iya zuwa a buga a dawo kafin magariba, kowace ta je gidan kowace, zakaran rukuni shi ne zai tafi Dutse sau ɗaya a shekara. A kuma tsara lokacin da sanin ƙasar: Miga tana cikin kwarin Kogin Haɗeja, a watannin Agusta da Satumba ambaliya kan yanke hanyoyi ta mamaye filaye, kamar yadda aka gani a 2022. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, daga nan jarrabawar WAEC da NECO ta shigo. Lokacin wasa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a riƙa duba inda azumi ya faɗo. Kuma kada a tsaya a ƙwallon ƙafa: langa da kokawa da tsere ba sa cin kuɗi, ƙwallon raga da ta hannu kuma za su ba 'yan mata nasu fagen a cikin makarantunsu.

Manyan makarantunmu ma sun isa su yi nasu rukunin ba tare da sun fita jihar ba: Jami'ar Tarayya ta Dutse, ta Sule Lamido, ta Fasaha da ke Ɓaɓura, Jami'ar Khadija ta Majiya, kwalejojin kimiyya da fasaha na Dutse da Haɗeja da Kazaure, Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta shari'a da ke Ringim, da makarantun kiwon lafiya na Jahun da Birnin Kudu. A matakin ƙasa an raba su, jami'o'i suna NUGA, kwalejojin fasaha suna NIPOGA, na ilimi suna NICEGA. Babu abin da ya hana su haɗu a gida kowace Asabar, ko wacce ta riƙe kujerarta a ƙungiyarta ta ƙasa. Wannan shi ne sauyin rukuni da zai amfane mu, kuma kuɗinsa bai kai na tafiya guda zuwa Legas da cikakkiyar tawaga ba.

Saboda haka, Malam, ina roƙonka ka juya alƙalaminka. Maimakon ka zuga shugabannin makarantu su bar maƙwabtansu, ka tambayi Ma'aikatar Ilimi da ta Matasa da Wasanni a Dutse su fitar da jadawalin gasa na shekara a rubuce, da kuɗinsa a cikin kasafi. Ka tambayi shugabannin ƙananan hukumomin Miga da Jahun da Kafin Hausa da Auyo da Taura su share fili guda mai raga a kowace makaranta, su biya alƙalan wasa. Ka tambayi ƙungiyoyin iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin riguna da ƙwallaye. A yi wannan kaka biyar a jere ba fashi. In an yi, kuma wata makaranta ta gagari kowa a rukuninta har ba ta da abokin karawa, sai mu zauna da kai mu tattauna inda za ta koma. Kafin nan, makarantun Miga su zauna da maƙwabtansu su buga wasa.